Firijin Hindu

Duk wanda ya shiga ɗakin Sadiyya a Kambarawa, kafin ya gama sallama zai ji gurnanin firijin. Ɗan ƙarami ne, irin na cikin mota, bai fi kwandon wanki girma ba. Yakan yi gurnani na ɗan lokaci, sai a ji ƙas, ya yi shiru. Can an jima a sake jin ƙas, ya ɗauka. Ba a sa masa ruwa, ba a sa masa miya. Maganin Hindu ne kaɗai a ciki, 'yan kwalabe a jere cikin tsohuwar robar bota.

Hindu ɗiyarta ce, shekararta biyar, tana da ciwon suga irin na yara, wanda ba ya jin ƙwaya ba ya jin jiƙo, sai allurar insulin safe da yamma. Wata ƙungiya mai taimakon yara ke kawo maganin asibiti, a ba kowace uwa na 'yan watanni a lokaci guda. In ya lalace a hannunka kafin a kawo wani, to sai dai kemis.

Mijinta Muttaka mai gyaran waya da kwamfuta ne a wani shago kusa da Ƙofar 'Yandaka. A gwanjo ya sayi firijin, da araha, saboda abin da ke daidaita masa sanyi ya mutu. In aka kunna shi ba ya sanin ya isa. Sai Muttaka ya nemo masa mai tsaro: wata 'yar kwamfuta falle ɗaya, koriya, ba ta fi tafin hannu ba. Ya kafe ta a jikin katako a bango, ya haɗa ta da batir da faifan sola a bisa kwano. A gefenta akwai ramukan USB guda huɗu, irin waɗanda ake soka caja. Wata siririyar igiya ta tashi daga jikinta ta shiga firijin tana auna sanyi. Wata baƙar igiya kuma ta fita daga ɗaya daga cikin ramukan zuwa ɗan makunnin firijin. In sanyi ya kai, kwamfutar ta ɗauke wutar ramukan, makunni ya saki, firiji ya huta. In ɗumi ya fara shiga, ta maido. Wannan shi ne ƙas ɗin.

Muttaka ya zaunar da Sadiyya ya koya mata, har da ɗan faɗa in ta yi hamma. Ya sa mata shafi a wayarta, in tana cikin gida za ta ga awon sanyin, ta ga ko ramukan a kunne suke ko a kashe. Ta iya, don ba ta wasa da abin da ya shafi Hindu.

Da rashin kwanciyar hankali ya yi yawa a ƙauyensu, Muttaka ya tafi ɗauko mahaifiyarsa, Inna Mero. Ya sa ta a mota da kayanta, ya ce zai biyo baya a babur. Ita ta iso. Shi aka tare shi a hanya.

Waɗanda suka ɗauke shi sun kira sau ɗaya, a wayar Inna Mero. Suka faɗi abin da suke so, suka ce za su sake kira, suka kashe. Tun daga ranar gidan ya koma gidan jira. Aka sayar da abin da za a iya sayarwa, har keken ɗinkin Sadiyya, aka damƙa wa Inna kuɗin. Wayar kuwa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, batirinta ya kumbura kamar ƙosai, ba ta riƙe caji sai tana jone. Ga bazara, ga wutar gari ta yi ɓatan dabo. Ba a daɗe ba Inna ta hango ramukan nan a bango, ta jawo tabarmarta ƙarƙashinsu, ta soka cajarta.

Abin da ba ta sani ba, ramukan huɗu tare suke mutuwa, tare suke tashi. Duk sanda kwamfutar ta maido wa firiji wuta, wayar Inna ma sai ta samu, ta yi haske, ta yi ɗan kuka. Sai Inna ta zabura, ta damƙe ta da hannu biyu ta kai kunne.

"Salamu alaikum. Ina jin ku. Ina jin ku, bayin Allah."

"Inna, caji ne," in ji Hindu daga bakin ƙofa. "Ba kowa."

"Ke dai ƙawata kin cika iyayi. Wa ya tambaye ki?"

Sai ta ajiye wayar a hankali, ta ci gaba da jan carbi. An jima kaɗan wayar ta sake kuka, ta sake zabura. Haka ake wuni. Sadiyya na kallo daga gefen murhu, kowane kukan wayar ita ma sai gabanta ya faɗi, alhali ta fi kowa sanin mene ne.

Mata masu zuwa jaje su ma suka gano ramukan. A garin da ba wuta, rami in dai caja na shiga, ai na kowa ne. Sai a gaisa, a yi Allah ya bayyana shi, a zaro manyan wayoyi daga jaka a jona. 'Yar kwamfutar ba ta da ƙarfin ciyar da su duka, sai ta sume ta farfaɗo. Sadiyya ta samo salatif ta liƙe ramuka biyu, ta ce sun lalace. Na Inna ne ba ta da yadda za ta yi da shi. Tun da aka kawo ta gidan Muttaka ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Ina ita ina cewa Inna cire wayarki?

Wata rana Sadiyya ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da ɗakin shiru. Inna ta gaji da ramin da ke ba ta wuta yana amshewa, ta zare baƙar igiyar ta gwada ramin igiyar ko ya fi albarka. Firijin ya jima a kashe. Sadiyya ta taɓa kwalaben, da sauran sanyinsu, Allah ya taimaka. Ta mayar da igiyar, ta fita tsakar gida inda Lado ke wanke babur. Lado ƙanin Muttaka ne, ɗan acaɓa, shi ke kwana a zaure tun da abin ya faru. Ta yi maganar da ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki, tana kallon Lado.

"Maganin yarinyar nan ba ya son zafi. In ya ji zafi ya mutu, in ya mutu ba mu da wani. Don Allah kada firijin nan ya sake tsayawa."

"An ji, Matar Yaya. Amma fa 'yar kwamfutar nan taku ta koyi halin masu wutar gari. Ta kawo, ta ɗauke, ta kawo, ta ɗauke."

"Aikinta ke nan."

"To Allah ya ba ta aikin kirki."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai jira ta yi ba. Ta rage murya ta ce masa ya lallaɓa Inna a cire layin a sa a wata wayar mai riƙe caji. Ya shiga, bai daɗe ba ya fito yana girgiza kai. Ta ji abin da Inna ta ce masa, don ba a ɓoye ta faɗa ba.

"Da wagga wayar sunka kira. Ita sunka sani. In kun buɗe mata ciki sunka kira ba su same ni ba, mi za ku ce mani?"

Washegari Sadiyya ta sa hijabi ta ja hannun Hindu zuwa Ƙofar 'Yandaka. Kabiru, abokin aikin Muttaka, yana shagon shi kaɗai, kujerar Muttaka an ɗora mata kwali. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi ko an ji wani abu, ta ce shiru dai. Ya ba Hindu murfin waya ta yi wasa. Sannan Sadiyya ta nuna masa hoton katakon.

"Malam Kabiru, so nake rami ɗaya ya zauna a kunne kullum, na firijin kaɗai ya riƙa mutuwa yana tashi. Na ga Baban Hindu yana rubuta lambar rami in zai ba ta umarni. Ba za a canza lambar ba?"

Ya ƙura wa hoton ido, ya faɗaɗa shi da yatsu.

"Da za a iya da ya yi. Irin wannan fallen, ramukan huɗu makunninsu ɗaya ne a ciki. Kamar famfo huɗu a kan bututu ɗaya. Ko wace lamba kika rubuta, in kika ce kashe, duka za su mutu. Akwai wani ɗan akwati mai ramuka da ake jonawa, shi kowane rami da nasa makunnin, amma ban taɓa ganinsa a garin nan ba. Sai an yi oda, kuma sau da yawa abin da aka rubuta a kwalin ba shi ne a ciki ba."

"To yaya zan yi? Tsohuwar nan za ta mutu a zaune. Tana da hawan jini."

"Ki raba su kawai. A sayo soket ɗin caja irin na mota, mai 'yan maƙalai biyu. A maƙala a kan batir kai tsaye, ja a ja, baƙi a baƙi. Shi ba ruwansa da kwamfuta, wutarsa ba ta yankewa. Wayar Inna ta koma can, kowa ya huta."

Ya rubuta mata sunan abin a bayan wani kwali, ya ce a layin masu kayan wuta na Babbar Kasuwa za a samu. A hanyar komawa ta ji ɗan sauƙi a ƙirjinta, irin wanda ta kwana biyu ba ta ji ba. Ko ba komai, ga abu ɗaya da ke da magani.

Da safe ta yi wa Hindu allura, ta ba ta kunu marar suga da ƙwai. Ranar za ta je Batagarawa wurin kawunta Isah, a ga ko zai sa hannu a abin da ake tarawa, kuma an ce in ba da wuri ta je ba ba za ta same shi ba. Ba ta barin Hindu a hannun kowa, don mutane ba sa iya ganin yaro ba su miƙa masa alewa ba. Ta ba Lado kwalin.

"In an buɗe kasuwa ka sayo. Ja a ja, baƙi a baƙi. Ka mayar da wayar Inna can."

"Matar Yaya, ni da ke kwance injin babur in mayar? Je ki abinki."

Kawu Isah ya fita kafin ta isa. Ta zauna da matansa, aka yi ta jajantawa, aka kawo fura ta hana Hindu sha, aka ce ta cika tsanani. Sai bayan azahar ya dawo. Ya yi addu'a mai tsawo, ya kawo labarin wasu da aka sako bayan an fid da rai, ya ce ta ba shi lokaci ya ga abin da Allah zai yi. Ta yi godiya. La'asar ta yi sanyi kafin su sami abin hawa.

Lado ta fara gani a ƙofar gida, yana murmushi. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin a ɗauke yayansa.

"Ku shiga a hankali, Inna barci take. Barci fa na gaske, har da minshari. Tun da na jona wayar ba ta sake kuka ba."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

"Tsaya, ba ki ga komai ba. Hindu, zo ki ga abin mamaki."

Ya ɗauko kofin silba daga bayan ƙofa. Ruwan ciki ya daskare, ya fara narkewa ta gefe. Hindu ta yi tsalle ta sa yatsa, ta ɗora a kumatu.

"Ƙanƙara a bazara, kuma a gidanmu," in ji Lado. "Inna ta sha, ta ce rabonta da irin wannan tun bikinku."

Sadiyya ta dubi kofin.

"A ina ka samu?"

"A firijinku mana. Ashe yana da ƙarfi haka, wannan 'yar rowar ce ke danne shi. Soket ɗin rami biyu gare shi, na ce to me za a jira? Na sa wayar Inna a ɗaya, na sa igiyar firijin a ɗaya. Tun hantsi bai tsaya ba, ko sau ɗaya. Kin ce kada ya sake tsayawa, to ga shi."

Ba ta tuna sanda ta cire takalmi ba. Inna na kwance a tabarma, wayar a kan ƙirjinta. Firijin na gurnani. Sadiyya ta tsaya tana jiran ƙas, bai zo ba. A bango ramuka biyu na liƙe da salatif, biyu a buɗe ba komai a ciki. Ta zaro wayarta ta buɗe shafin. Awon sanyi ya faɗa ƙasa da sifiri, nesa. A ƙarƙashinsa an rubuta ramuka a kashe. Tun hantsi kwamfutar ta ga sanyi ya wuce kima ta ɗauke wuta, ta yi abin da aka sa ta, amma ba abin da ke jone da ita da zai ji.

Ta zare baƙar igiyar daga sabon soket. Firijin ya yi shiru. Ta ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya taso mata. Robar botan ta manne da ƙasa, sai da ta sa ƙarfi. Kwalaben sun yi fari fat, sun yi tauri kamar tsakuwa, ɗaya ma ta tsage daga wuya.

Ta ɗauki robar ta wuce madafa, ta zauna a kan turmi. Ta dunƙule kwalba ɗaya a hannu har sanyin ya fara cizonta. Maganin da ta sani fari ne kamar madara, in ta murza shi a tafin hannu sai ya haɗe sumul. Wannan da ya narke sai ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke, wasu suka manne a jikin gilashin. Ta murza, ta murza. Ta ɗauki ta biyu. Ta ɗauki ta uku. Ta bi su duka, har da wadda ta buɗe ake amfani da ita, ko Allah zai sa ɗaya ta tsira.

Ta kira Sista Ladi, nas ɗin da ke kula da yara masu suga a asibiti. Ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, sannan ta faɗa mata.

"Ƙanƙara? Duka?" in ji Sista. "Maman Hindu, ke da nake kafa misali da ke?"

"Tsautsayi ne, Sista. In ya narke fa? Akwai ɗaya da ba ta yi gudaji sosai ba."

"Kada ki kuskura. Ko ya yi kyau a ido, ba ki san abin da ya rage a cikinsa ba. Ki yi mata ki zaci kin yi, alhali ruwa kika sa mata."

"Ba ko ɗaya a wurinku? Ko rabi?"

"Abin da ya zo an raba, kowace kwalba da mai ita. Sai bayan babbar Sallah muke sa ran wani, shi ma sa rai ne. Ki je babban kemis, mai firiji da janareto, ba masu ajiye shi a kanta ba. Kada ta kwana ba allura. In kika ga amai ko numfashi ya canza, ki kawo ta ko wane lokaci ne."

Da ta kashe, Lado na tsaye a bakin madafa. Ya ji rabin maganar. Ta miƙa masa kwalba ɗaya, ya ɗaga ta sama yana juyawa.

"Ya lalace," ta ce. "Ƙanƙara na kashe shi, kamar yadda zafi ke kashe shi."

"Sanyi?"

"Sanyi."

"Amma ke kika ce ba ya son zafi."

"Ni na ce."

"Ba ki ce..."

"Ban ce ba."

Wa zai tuna ya gargaɗi mutum a kan sanyi, a Katsina, a watan da kwalta ke narkewa? Muttaka ya gaya mata tun ranar farko, ta riƙe, ta ɗauka abin da ta sani kowa ya sani. Ta so ta ji haushin Lado, ta neme shi a zuciyarta ta rasa. Ya durƙusa a ƙasa, kwalbar na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Kuɗin yau da na samu na ba Inna tun azahar," ya ce, kansa a ƙasa. "Kullum haka nake yi. Bari in fita ko zan sami mai ba ni..."

"Magariba ta kusa. Lokacin allurarta ya yi."

A tsakar gida Hindu na zaune da kofin, tana lasar ƙanƙara. Ta riga ta sha ruwa kofi biyu tun shigowarsu, ta je bayi, ta dawo tana neman wani. Sadiyya ta san wannan ƙishirwar, ta suga ce in ya fara hawa.

Ta wanke fuska ta shiga ɗaki. Inna ta farka, tana zaune tana gyara ɗankwali, fuskarta ta saki kamar ba ita ba.

"Kun dawo, ɗiyar ga? Kin ga aikin Lado? Yau na san na yi barci."

Sadiyya ta durƙusa nesa kaɗan, ta kau da kai gefe, ta ajiye robar a tsakaninsu. Ta yi sannu da gida. Sannan ta yi maganar da ba ta taɓa yin mai tsawonta a gaban Inna ba. Ta ce maganin ya daskare, kuma in ya daskare ya tashi daga aiki. Ta ce ba laifin kowa ba ne. Ta ce asibiti ba su da wani, sai an saya, kuma yau, kafin yarinyar ta ci tuwon dare. Ba ta faɗi sauran ba. Duk abin da gidan ya mallaka yana ɗaure a ƙugun Inna, a cikin wani tsumma, ana jiran ranar da za a ce a kawo. Su duka biyun sun san bai kai ko kusa da abin da aka nema ba.

Inna ta ɗauki kwalba ɗaya, ta kai kusa da ido.

"Sanyin ma kashe magani shi kai?"

"E, Inna."

"Ni da na sha ruwan ina sa albarka."

Ta ajiye kwalbar. Ta dubi wayar da ke cinyarta, ta dubi ƙofa inda ake jin Hindu na buga kofi a ƙasa. Daga nan ta juya ta fuskanci bango, ta sassauta zane, ta kwance tsumman. Ba ta buɗe ba. Ta turo shi ta baya, ba ta waiwayo ba.

"Ɗauki abin da za shi isa. Kar ki gaya mani ko nawa ne."

Sadiyya ta ɗauka, ta ɗaure sauran yadda ta same shi, ta tura mata.

Lado ya kai ta a babur. Kemis na farko ba su da shi. Na biyu suna da shi a cikin firijin da ta sa hannu ta ji ɗumi, ta ce a bar shi. Ana kiran sallah suka sami na uku. Ta sa mai shagon ya ɗaga kwalbar a gaban fitila, ta murza da kanta ta ga ta haɗe, sannan ta karɓa. Ta naɗe ta a jiƙaƙƙen hankici ta riƙe a hannu har gida.

Kafin ta yi komai ta soka baƙar igiyar a raminta na jikin kwamfuta, ta naɗe ta da salatif har sai da ta tabbata ba mai zare ta da wasa. Ta bar murfin firijin a buɗe ya huce. Ta kwashe lalatattun kwalaben ta zuba a masai, don kada wata rana cikin ruɗewa hannu ya kai kansu. Sannan ta kira Hindu.

"Umma, a cinya ko a ciki?"

"Inda kike so."

"A cinya. Gobe Baba Lado zai sake yi mana ƙanƙara?"

"Tsaya dai, kada ki motsa."

Inna na kallonsu daga tabarma. Da aka gama, ta nuna kwalbar da haɓa.

"Wagga guda, har yaushe za ta kai?"

"Ba za ta cika wata ba, Inna."

"Su masu badawa fa?"

"Sai bayan babbar Sallah. In sun kawo."

Inna ta riƙa motsa baki, kamar mai lissafin watanni. Ta kai hannu ta taɓa ƙugunta, ta janye. Sai ta zare wayar daga cinyarta, da igiyarta da komai, ta ajiye a ƙasa wajen Sadiyya.

"In sunka kira, ke za ki amsa. Za su tambaya ko an haɗa. Ni bakina ba shi iya cewa an taɓa."

Sadiyya ta dubi wayar. Ta so ta ce wani abu, ko a kan Kawu Isah, ko a kan Allah mai iko, amma duk ta riga ta ji su yau a bakin wasu, ta san nauyinsu.

"To, Inna," ta ce.

Allura ta riga ta shiga jiki, dole yarinya ta ci abinci kafin ta fara aiki. Ta tashi ta je zubo tuwo.